Maganin Ɗigawa a Ido: Yadda Za Mu Yi Aiki da Shi Ba Tare da Mun Cuci Kanmu Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan ido yake. Tun daga kamawar hunturu har zuwa ƙarshen bazara, ƙura ba ta barin hanyoyin unguwarmu ta Lazare, wadda ake rubutawa Lazaret da Faransanci, a nan birnin Yamai. Ga kuma ƙudajen da ke bin bisashe a kasuwar Turaku suna shigowa har cikin gidaje. A wannan lokaci da wuya mako ya wuce ba mu ga mai jan ido ba, musamman cikin yara.

Abin da muka saba yi kowa ya san shi. Da idon yaro ya yi ja, sai a aika gidan maƙwabta a aro ragowar kwalba, ko a tare mai tallar magani a ce ya kawo “na ido”. Wani lokaci a dace, wani lokaci kuma garin neman gira a rasa ido. Maganin ɗigawa mai antibiyotik magani ne na ƙwarai, ya kuɓutar da idanu masu yawa daga makanta. Amma ciwo iri ɗaya kawai yake warkarwa, kuma sai an bi ƙa'idarsa. Kwalbar da ta warkar da idon maƙwabcinmu tana iya zama sanadin lalacewar namu.

Kama da wane ba ta wane

Ba kowane jan ido ne yake son antibiyotik ba. Akwai iri huɗu da ya kamata mu sani.

Na farko shi ne wanda ƙwayoyin bakteriya suke haddasawa. Waɗannan ƙananan halittu ne da ba a ganinsu sai da madubin likita. Idan suka kama tantanin da ya lulluɓe farin ido, sai idon ya yi ja, ya riƙa fitar da kwantsa mai kauri, rawaya ko tsanwa-tsanwa. Da safe mutum zai farka ya tarar fatar idonsa ta manne, sai ya jiƙa ta da ruwa kafin ta buɗe. Yakan fara da ido ɗaya, sannan ya koma ɗayan. Wannan shi ne ciwon da antibiyotik yake magani. Mai sauƙi daga cikinsa yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, amma magani yana gajarta kwanakin ciwon, yana kuma rage yaɗuwarsa.

Na biyu shi ne afolo. An fara ganin wannan annoba a ƙasar Gana a shekara ta 1969, shekarar da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya kai mutane kan wata, daga nan ta samo sunanta. Wata ƙwaya ce dabam take kawo ta, wadda ake kira birus. Idon yakan yi jajawur ya kumbura, ya riƙa zubar da hawaye kamar ruwa, kuma cikin ƴan kwanaki sai ta kama gida duka. Antibiyotik ba ya kashe birus ko kaɗan. Afolo tana tafiya da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da take bukata shi ne tsabta, da ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi a kan ido a rufe.

Na uku shi ne ƙaiƙayin ido, wanda ƙura da hayaƙi da zafin rana suke tayarwa. Ya fi kama yara maza. Yaron ba ya barin murza ido, farin idonsa kuma yakan koma ruwan ƙasa. Babu ƙwayar cuta a cikinsa, saboda haka babu abin da antibiyotik zai kashe. Yana da nasa maganin dabam.

Na huɗu shi ne mafi hatsari: gyambo a kan baƙin ido, wato a kan siririn gilashin nan da haske yake ratsawa. Yakan zo da zafi mai tsanani da tsoron haske, gani ya ragu, wani lokaci a ga ɗan tabo fari. Idan aka yi jinkiri sai ya bar hakiya, ko ma idon ya fashe.

A idonmu duka huɗun jan ido ne. Wanda ya koyi aikin ne yake iya rarrabe su, bayan ya haska ya duba. Don haka matakin farko shi ne zuwa likita, sayen kwalba yana biyo baya.

Magungunan da likita yakan rubuta

Idan ma'aikacin lafiya ya tabbatar bakteriya ce, zai rubuta mana takardar magani, mu kai farmasi. Daga cikin na ɗigawa akwai jentamisin da siprofloksasin da tobramisin, kowanne mai ƙarfin kashi 0,3 cikin ɗari, da kloramfenikol mai kashi 0,5 cikin ɗari. Akwai rifamisin, wanda yake rina hawaye su yi ja-ja. Wannan launin maganin ne, kada ya firgita mu. Akwai kuma man ido na tetrasiklin mai kashi 1 cikin ɗari, a cikin ƙaramin bututu.

Kafin ya rubuta, mu gaya masa gaskiya: ko mace tana da ciki ko tana shayarwa, ko wani magani ya taɓa sa mana ƙuraje ko kumburi, da duk abin da muka riga muka sa a idon, na kanti ne ko na gargajiya.

A nan karatunmu zai yi mana rana. Mu duba kwalin tun muna bakin kantar farmasi. Kalmar “collyre” ita ce shaidar cewa na ido ne. Idan muka ga “auriculaire”, to na kunne ne, ba ya shiga ido, ko da kwalaben sun yi kama. Wajen da aka rubuta “EXP” kuma wata da shekarar lalacewar maganin ne.

Kwalba mai kortizon

Akwai wata kalma ɗaya da ya kamata kowa ya iya ganewa a jikin kwali, ita ce “dexaméthasone”. Wani sinadari ne daga dangin kortizon, wanda ake haɗawa da antibiyotik a kwalba ɗaya. Magunguna irin su Chibro-Cadron da Frakidex da Maxidrol da Tobradex duka suna ɗauke da shi. A hannun likitan ido suna da amfani babba, misali bayan aikin yanar ido. A hannun wanda bai sani ba kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu.

Kortizon yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan da nan, shi ya sa mutane suke yabonsa, suna nuna wa juna. Amma yana kwantar da garkuwar ido tare da jan. Idan akwai gyambo a baƙin ido, sai ƙwayar ta samu sarari ta ci gaba da cinsa, mai idon kuwa yana tsammani sauƙi ya samu. Idan kuma aka daɗe ana sa shi makonni ko watanni, yana iya kawo hawan jinin ido, wanda yake kashe jijiyar gani a hankali ba tare da zafi ba, kuma abin da ya mutu na jijiyar ba ya dawowa. Yana iya kawo yanar ido tun mutum yana da ƙuruciyarsa. Yaran da suke fama da ƙaiƙayin ido su suka fi faɗawa wannan rami, domin duk sa'ad da idon ya tashi sai iyaye su sake sayo kwalbar da ta yi musu daɗi a baya. Kada mu sa irin wannan magani sai likitan ido ya rubuta, ya kuma faɗi ranar da za a daina.

Yadda ake ɗigawa

1. Mu wanke hannu da ruwa da sabulu. Mai shirin salla ya fara yin alwala, sannan ya ɗiga, don kada ruwa ya wanke maganin.

2. Mu share kwantsa da auduga ko ƙyalle mai tsabta, wanda aka jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce. Sharewa daga gefen hanci zuwa waje ake yi, kuma kowane ido da nasa ƙyallen.

3. Mai ciwon ya zauna ya ɗaga kai, ko ya kwanta rigingine, ya dubi sama.

4. Mu ja fatar ido ta ƙasa da yatsa, ta yi ɗan aljihu.

5. Mu ɗiga ɗigo ɗaya a cikin aljihun. Ɗigo ɗaya ya fi abin da ido yake iya riƙewa, na biyu kan kumatu zai zuba. Bakin kwalbar kada ya taɓa ido, ko gashin ido, ko yatsa.

6. Ya rufe idon a hankali, ya danna lungun da ke kusa da hanci da yatsa kamar minti ɗaya ko biyu. A wannan lungu akwai wata ƴar hanya da take kai hawaye cikin hanci da maƙogwaro. Danna ta yana sa maganin ya zauna inda ake bukatarsa, yana kuma hana jin ɗacinsa a baki.

7. Idan magunguna biyu ne, mu bar minti biyar tsakaninsu. Idan akwai na ɗigawa da na shafawa, na ɗigawa ne farko. Man ido kamar tsawon ƙwayar shinkafa ake matsawa cikin aljihun nan. Yana sa gani ya yi hazo na ɗan lokaci, don haka kada mutum ya hau babur ko ya ja mota sai ya washe.

8. Mu rufe kwalbar da kyau, mu sake wanke hannu.

Idan yaro ya ƙi buɗe ido, kada a yi kokawa da shi. A kwantar da shi a cinya, a ɗiga a lungun da ke kusa da hanci alhali idon yana rufe. Da ya buɗe, maganin zai gangara ciki.

Lokaci da cika kwanaki

Galibi likita yakan ce sau huɗu a yini, kwana biyar zuwa bakwai, amma abin da ya rubuta shi ne abin bi. Wanda ba shi da agogo ya riƙe da asuba, da azahar, da almuru, da lokacin kwanciya. Idan muka manta sau ɗaya, mu sa da zarar mun tuna, kada mu ninka. Idan ciwon ya zo cikin azumi, kada mu ajiye maganin rana a ɓoye. Mu shawarci likita da malaminmu tun ranar farko.

Bayan kwana biyu ido yakan fara washewa, a nan ne da yawa suke ajiye kwalba. Manomi ya san abin da yake faruwa ga gonar da aka yi wa noman farko aka ƙi yi mata maimai: ciyawar da ta tsira ita ce mai taurin kai, ita kuma za ta zubar da iri. Haka bakteriya take. Maganin da ake sa wa yau a fasa gobe yana barin masu ƙarfi su hayayyafa, har a wayi gari kwalbar ba ta yi musu kome. Alexander Fleming, masanin da ya gano fenisilin a birnin Landan a shekara ta 1928, shi da kansa ya yi wannan gargaɗi a shekara ta 1945, cewa maganin da bai kai ƙima ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Haka nan kada mu zarce kwanakin da aka yanka mana, domin irin su jentamisin idan suka daɗe suna sa idon ya ƙara ja da raɗaɗi.

Ajiyar kwalba

Kwalba ɗaya ta mutum ɗaya ce. Ko cikin gida guda, idan yara biyu suka kamu, kowa a duba shi. Ranar da muka buɗe kwalba mu rubuta kwanan wata a jikin kwalin. Wasu magunguna kwana 15 suke yi bayan buɗewa, wasu kwana 28. Takardar da ke cikin kwali tana faɗa, mai farmasi ma zai gaya mana. Da magani ya ƙare aikinsa, ragowar ba ta ajiya ba ce, a jefa ta inda yara ba za su ɗauka ba.

Kada mu ɗauki wannan da wasa. A shekara ta 2023, a ƙasar Amurka, an samu wani ruwan ɗigawa a ido da wata bakteriya mai jure magunguna ta gurɓata. Mutum 81 suka kamu, 14 suka rasa gani, aka ƙwaƙule idon mutum 4, wasu 4 kuma suka rasu. Idan haka ta faru da kwalba sabuwa a rufe, yaya ke nan ragowar da ta shekara a kan taga?

Zafi ma yana kashe ƙarfin magani. Mafi yawansu ana so a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan haura digiri 40. Kloramfenikol na ɗigawa ma sai cikin firigo. Wanda ba shi da firigo ya gaya wa mai farmasi. Sauran kuma a ƙulle su cikin leda mai tsabta a ajiye gindin randa, cikin inuwa. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu sayen maganin da ya yini a kan tire cikin rana, wanda ba mu san inda ya fito ba. Araha ba ta ado.

Abubuwan da ba sa shiga ido

Nonon uwa, ruwan sukari, ruwan lemun tsami, albasa, taba, ruwan batir, garin kafso da aka fasa, ruwan ganye ko na saiwa: babu ɗaya daga cikinsu da ya dace da ido. Wasu suna ƙona baƙin ido, wasu suna shigar da sabuwar ƙwaya. Fitsari ya fi su duka sharri, domin yana iya ɗauke da ƙwayar ciwon sanyi, wadda take huda ido cikin ƴan kwanaki. Kwalli ma a dakata da shi har a warke, kuma kada a yi tarayya da tsinkensa.

Idon jariri

Jaririn da bai cika wata ɗaya ba, idan idonsa ya kumbura yana fitar da mugunya, a kai shi likita a ranar, ko da uwa tana cikin wankan jego. Sau da yawa ƙwayar daga hanyar haihuwa ya ɗauko ta. Idan ta ciwon sanyi ce takan bayyana kwana biyu zuwa biyar bayan haihuwa, kuma ɗigo kaɗai ba ya isa, sai an yi masa allura. Uwa da uba su ma sai an yi musu magani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun a shekara ta 1881 wani likita Bajamushe mai suna Carl Credé ya nuna cewa sa magani a idon jariri da zarar an haife shi yana hana wannan makanta. Man tetrasiklin da ungozoma take sa wa jariri a ɗakin haihuwa ci gaban wannan aiki ne, kuma yana cikin ribar haihuwa a asibiti.

Amodari

Amodari ma bakteriya ce take kawo shi, ƙuda da hannu da ƙyalle suke yaɗa ta. A ƙasarmu ya fi yin ɓarna a jihohin Damagaram da Maraɗi da Diffa. Idan yaro ya yi ta kamuwa, cikin fatar idonsa yakan yi tabo, bayan shekaru gashin ido ya juya ciki yana kartar baƙin ido. Maganinsa ya fi na sauran tsawo: man tetrasiklin sau biyu a yini har mako shida, ko a sha azitromisin. Idan gashi ya riga ya juya, babu ɗigon da zai miƙar da shi, sai ɗan ƙaramin aiki a fatar ido. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta shaida cewa Gana ta ci ƙarfin amodari a 2018, Benin da Mali kuma a 2023. Sun kai ga haka ne da haɗa magani da aikin fatar ido da wanke fuskar yara da gina salga.

Manoma da makiyaya

Da yawa cikinmu muna zaune birni amma muna komawa gona da damina da kaka. Idan ganyen gero ko kara ko ƙaya ya soki ido, ko ƙaiƙayi ya faɗa lokacin sussuka da shiƙa, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, kada a murza, a je likita a ranar. Irin wannan rauni yakan shigar da ƙwayar funfuna, wadda antibiyotik ba ya kashewa, kortizon kuma yake ƙara mata ƙarfi. Maganin idon bisa na bisa ne, likitan dabbobi yake ba da shi. Kada a gwada shi a idon mutum.

Yaushe za mu koma likita da gaggawa?

Idan gani ya ragu. Idan zafin ya yi tsanani ko mutum ba ya iya duban haske. Idan fari ya fito a kan baƙin ido. Idan fatar ido ta kumbura tare da zazzaɓi. Idan maganin ya kawo ƙuraje ko ƙarin kumburi. Idan an yi kwana biyu ko uku ana sawa babu sauƙi. Mu fara da gidan likita na unguwa, wato CSI, mu tafi da kwalbar da kwalinta. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura mu wurin likitocin ido, a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ko na Lamorde, ko asibitin ido na Makka.

Sunan unguwarmu ma darasi ne. A Faransanci, lazaret shi ne wurin da ake keɓe masu cuta mai yaɗuwa don kada su shafa wa saura. Mai jan ido ba sai an keɓe shi ba, amma a keɓe masa tawul da matashin kai da ƙyallensa, a wanke su da sabulu a shanya a rana. A wanke fuskar yara safe da yamma, a rufe salga, a share kashin bisashe daga tsakar gida. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne alamu ne suke nuna jan ido na bakteriya, me kuma ya bambanta shi da afolo?
2. Wace kalma ce a jikin kwali take nuna akwai kortizon, kuma mene ne hatsarinsa?
3. Me ya sa ake danna lungun ido bayan an ɗiga magani?
4. Me za a yi idan idon jariri ɗan kwana uku ya fara fitar da mugunya?
5. Kowa ya duba gidansa, ya kawo tsohon kwalin maganin ido idan akwai, a karanta tare a gano ranar lalacewarsa.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman uwayen yara. Allah ya tsare mana ganinmu, amin.